Sunan da Na Ɓata a Kwatar Gaya

Akwai abubuwa da yawa da nake so a ce ban yi su ba a rayuwata, amma wanda ya hana ni sakewa guda ne. Na kira wani mutum ɓarawo a gaban jama'a, alhali ko allura ban ga ya ɗauka ba. Sunansa Sumana, matuƙin jirgin ruwa ne a Gaya ta ƙasar Nijar.

Tun da na dawo daga tafiyar nan, 'yan majalisarmu ta ƙofar gareji ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya kogin yake, wancan ya ce da gaske ne can kifi ya fi wake araha. Nakan ba su abin dariyar, in sun zo kan aikin da ya kai ni sai in ce injin ne ya tsufa. Ba tsufa ya yi ba. Yau na zauna in rubuta yadda aka yi tun daga farko, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Ni ne Bawa, bakanike a Kaura Namoda. Na fi shekara arba'in ina gyaran injin gas, na niƙa da na ban ruwa da na manyan motoci. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma daga Banga har Zurmi da Shinkafi, in inji ya gagara ni ake aiko wa. Wannan suna shi ne dukiyata, shi ne kuma ya kai ni ya baro.

Alhaji Hamidu mutumin Moriki ne, ni nake gyara wa mahaifinsa injin niƙa tun shi yana ɗan ƙarami. Ya tashi yana fataucin shanu. Da ɓarayin daji suka kore masa garke, sai ya sayar da abin da ya rage, ya kwashi iyalinsa ya koma Gaya wurin dangin matarsa. Can ya zuba duk abin da ya tsira da shi a jirgin ruwa guda, mai ɗaukar kaya da mutane zuwa kasuwannin bakin kogi. Wata rana bayan an gama girbi ya bugo mini waya.

Ya ce, "Baba Bawa, jirgin nan ya rasa ƙarfi. Shina hayaƙi baƙi ƙirin, shina shan gas kamar ana zubawa a rairayi. Mutanen ga ban yarda da su ba, sun ga baƙo. Ka taho ka duba mini, kai ɗan gida ne."

Abin da ya kamata in ce masa shi ne ban taɓa ganin cikin jirgin ruwa ba. Sai na ce, "Alhaji, inji ai inji ne. Ina nan tafe."

Maiɗakina ta ƙulla mini hoce da ƙuli-ƙuli, na ɗauki jakar sifanu. Da can in za mu Sakkwato ta Shinkafi muke yankewa mu fita Isa. Yanzu ba mai hankalin da zai bi can da son ransa, sai muka zagaya ta Gusau. Ko a nan ɗin, da mun bar gari sai hira ta mutu a motar, direba ya kashe rediyo, kowa ya zuba wa daji ido. Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne za shi dubiya asibiti. Da muka shiga Mafara rai ya dawo, ya tambayi sana'ata, na gaya masa har da inda za ni.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Injin jirgi? To ka iya ruwa?"

Na yi dariya na ce ba ruwan za ni gyara ba. Shi bai yi dariya ba, ya dai karɓi hocen da na miƙa masa.

Na kwana Sakkwato wurin wani ɗan ƙanena, da safe na kama motar Birnin Kebbi, daga nan ta Kamba. Mun wuce Bunza kaɗan sai bel ɗin fanka ya tsinke, motar ta fara tafasa. Direban ya tsaya yana salati, ba shi da wani. Na karɓi igiyar da wata mata ta ɗaure buhun barkononta da ita, na murɗa ta riɓi uku na ɗaura, ta kai mu har Kamba. Matar tana ta cewa a biya ta igiyarta, sauran fasinja suna ta sa mini albarka. Wani ma cewa ya yi irinmu sun ƙare a ƙasar nan. Da wannan kumburin kai na isa kan iyaka.

A wancan gefen jami'in da ya tare mu ya yi mini magana da Faransanci, na tsaya ina kallonsa. Sai ya juya Hausa ya nemi katina, ya sa na buɗe jaka. Ya zaro doguwar sukudirebata, wadda ta kusa kai kamu guda, ya ce wannan fa, makami ne? Na ce kunnena ne. Babur ɗinsa na nan a jingine, na sa ya tayar, na dafa bakin sukudirebar a jikin injin, na kara ƙotar a kunne. Na ce masa bawul ɗinsa ya yi sako-sako. Ya ce wallahi sati biyu ke nan yana jin wannan ƙara. Na ɗaure masa a wurin, ya raka ni har mota yana kirana likita.

Alhaji ya sauke ni a wani ɗaki da ke jikin shagon surukinsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, ga shi bai kai hamsin ba. Sauron garin bai san gidan sauro ba. Abinci kuwa kifi ne da safe, kifi da rana, kifi da dare, a kan shinkafa. Kwana biyu na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙorin da ya rage. Shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi suke sha, sau uku, na farko da ɗaci kamar magani, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Hausa suna ji sarai, amma sun cakuɗa ta da Zabarmanci da Faransanci. Gas a wurinsu gazuwal ne, inji moter, babbar mota kamyo. Da Alhaji ya ce gobe da sassafe za mu kwata, na ɗauka wurin mahauta za mu mu sayi nama, har na ji daɗi. Ashe kwata a can ita ce bakin ruwa inda jirage suke tsayawa.

Ni ruwan da na sani shi ne Gagare, wanda muke takawa a ƙasa da rani, da damina kuma mu tsaya a kan gada mu leƙa. Ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba. Da na ga kogin Kwara gabana ya faɗi. Mutumin da ke wancan gefen kamar tururuwa yake. Ga mata suna tuƙa kwalekwale da goyo a baya suna hira, kamar yadda namu suke tafiya rijiya. Jirgin Alhaji dogo ne na katako, da rumfar kwano, an ɗaure shi a jikin turke. Hanyar shigarsa katako guda ne siriri da aka gitta daga gaɓa. Na hau shi ina karanta duk abin da na haddace, jaka a ƙirji, masu dako suna jira a bayana da buhuna a ka.

A ciki na tarar da Sumana. Dogon mutum ne baƙi, zai yi shekara hamsin, ba shi da yawan magana. Alhaji ya ce tun kafin ya sayi jirgin shi yake tuƙa shi. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya karɓi jakata, ya kai ni wurin injin a wani rami can baya. Da na ga injin hankalina ya kwanta, na babbar mota ne mai fistan shida, irin wanda na kwance na ɗaura ba adadi. An goge shi tas, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasansa. Abin da ya ba ni mamaki, babu lagireto babu fanka. Wani bututu ne yake zuƙo ruwan kogi ya zagaya cikinsa ya tofar waje.

Na ce a tayar. Bugu ɗaya ya kama. Na ja totur har ƙarshe, ya ɗauka ba gardama, hayaƙi kaɗan ne kuma ba baƙi ba. Na kara sukudireba a kowane fistan, duk suna magana daidai.

Na ce, "Wannan ai lafiyarsa lau."

Sumana ya ce, "A ɗaure hakanan shike, Malam. Sai an yi lodi an sa giya an shiga tsakiyar ruwa, sannan shika shaƙewa. Tun randa anka canza elis ya fara."

Ban san mene ne elis ba. Ban taɓa jin kalmar ba. Alhaji yana tsaye a kaina, masu dako sun leƙo suna kallon likitan da aka ɗauko daga Najeriya. Tambaya guda ce, elis ɗin mene ne, da an nuna mini an wuce wurin. Amma na ga kamar in na tambaya, duk wanda ke wurin zai ce ashe bai san komai ba. Na gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa maganar yara. A raina na ce ba zai wuce wani ɗan matacin mai ba da suka laƙaba wa sunan Faransa.

Sumana ya ce, "Bari a ƙarasa lodi mu fita da kai, ka ji shi da kunnenka."

Na leƙa ruwan ta gefen jirgin, ban ga ƙasansa ba. Na ce, "Ba yawo na zo ba. Abin da zan ji a can na ji shi a nan."

Kwana uku na yi a ramin nan. Na canza matatan gas, na wanke tanki, na fitar da iska daga bututu. Na ciro nozul shida na gwada feshinsu, duk suna yi kamar hazo yadda ake so. Na saita bawul, na leƙa salansa ko ta toshe, na wanke matacin iska. Kowace la'asar Sumana ya fita gwaji da kaya, ni ina tsaye a gaɓa. Yana sa giya sai ƙarar injin ta dushe, hayaƙi ya turnuƙe baƙi, jirgin yana jan jiki kamar tsohon jaki. A rumfar mai shayi matuƙa suna zaune suna kallo.

Wani mai ƙaton ciki a cikinsu yakan ce, "Likita, yau ma mara lafiyan bai tashi ba? Ko a kawo rubutu a ba shi?"

A rana ta biyu Sumana ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada a ji, ya ce, "Malam, don Allah ka duba elis ɗin nan."

Na ce, "Na duba shi, ba abin da ya same shi."

Ya dube ni, sannan ya dubi ƙafar wandona da take a bushe. A lokacin ban gane abin da yake kallo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne na san amsar tun ina saurayi. Injin niƙa, in ba a zuba hatsi ba ya yi gudu lafiya, aka zuba ya shaƙe yana baƙin hayaƙi, ba inji ake kwancewa ba. Mai yana isarsa, abin da yake ja ne ya fi ƙarfinsa, an matse faranti da yawa. Sau nawa na yi wa masu niƙa faɗa a kan wannan a Zurmi da Kaura. Da na yarda na shiga ruwan sau ɗaya na ji yadda yake nishi, da na ce a nuna mini abin da injin yake juyawa. Amma daga gaɓa hayaƙi kawai nake gani, zuciyata kuma tana wurin masu dariya.

Ran kwana na uku da safe muna shan shayi, Alhaji ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Gas ɗin da nika ba mutumin ga da, shina kai shi kasuwa ya dawo da saura. Yanzu ko dawowa ba ya yi sai an ƙara. Ba sayarwa shika yi ba yana cika mini da wani abu?"

Na ce zan duba. Na ji wani sanyi a raina, don ya miƙo mini ƙofar fita.

Da muka je kwata ana tsakiyar lodi, wurin cike. Na sa aka ɗebo mini gas daga tanki a gwangwani. Na shinshina, na murza a yatsa, na ɗaga shi a rana. Gas ne mai kyau, hancina bai taɓa yi mini ƙarya a kan wannan ba. Kuma na san ko da an haɗa da kananzir ba irin wannan hayaƙin yake kawowa ba. Na ɗaga murya yadda 'yan rumfar shayi za su ji, na ce, "Alhaji, injinka ba shi da laifi. Gauraye ne ake zuba masa. Wanda ke riƙe da jarka shi za ka tambaya."

Sumana yana riƙe da igiya, ya ajiye ta a hankali.

Ya ce, "Malam, ni kake nufi?"

Na ce, "Ni ban kama suna ba."

Ya ce, "Jarka hannun mutum guda take."

Alhaji ya fara faɗa, duk baƙin cikin shanunsa ya juye a kan bawan Allahn nan. Ya ce an kore shi daga gida, ya zo nan ma ana yankansa a zaune. Ya karɓe makulli. Sumana ya shiga jirgin ya ɗauko butarsa da dardumarsa da wata tsohuwar riga, ya sauko ta kan katakon nan, ya ratsa mutane ya wuce.

Sai daga baya na fahimci nauyin abin da na yi. A kwata matuƙi ba shi da takarda ba shi da shaida. Mai jirgi yana miƙa masa mai da kayan mutane ya tafi kwana biyu ba mai ganinsa, amana ce kawai jarinsa. Kuma magana a bakin kogi ta fi jirgi sauri. Kafin azahar an ji a ƙetare.

Aka zubar da gas ɗin, aka sayo sabo, Alhaji ya samo wani matuƙi. Ni na san sabon gas ba zai canza komai ba, kuma in jirgin ya fita yadda yake asirina ya tonu. Sai na yi abin da muke yi wa babbar mota in za ta hau tudu da lodin da ya fi ƙarfinta. Na karya hatimin famfon gas, na buɗe masa mai. Duk bakanike ya san wannan aron ƙarfi ne, injin ne yake biya da ransa.

Washegari ranar kasuwar wani gari ce a sama da kogi. Aka cika jirgin da buhunan shinkafa da albasa, mata 'yan kasuwa suka hau kan kayan. Ya tashi da ɗan kuzari, hayaƙi kamar ana ƙona taya. Alhaji ya kama hannuna ya ce, "Ka gani ko? Na san ɗan gida ba ya ba ni kunya."

Ba a yi awa biyu ba wani mai kwalekwale ya zo da labari. Injin ya yi zafi, ya yi ƙara sau ɗaya ya tsaya. Ruwa ya juya jirgin ya maka shi a kan dutse, katakon ƙasa ya tsage. Masunta ne suka kwashe mutanen. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma wata tsohuwa ta karye a hannu, shinkafar kuma duk ta sha ruwa. Har yau in na tuna matan nan da na ga sun hau da goyo, sai abinci ya fita raina.

Kwana biyu aka yi kafin a jawo shi zuwa wani wuri mai yashi, aka tallafe bayansa da gungume. Na buɗe injin, ya buga, fistan biyu sun narke sun kama. Ina fitowa na zagaya ta baya, a nan na fara ganin abin da yake ƙarƙashin jirgi. Wata fanka ce ta tagulla mai kunne uku a bakin sandar da ta fito daga injin, faɗinta ya fi babban tire, kunnuwan sun kusa taɓa katako. Wani tsohon masassaƙin jirage yana tsugune yana auna ta da tafin hannu yana tsaki.

Ya ce, "Wa ya ɗaura ma wanga jirgi elis ɗin jirgin da ya ninka shi biyu? Ai wanga ko raƙumin moter ne sai ya kashe shi."

Na tsaya da sifana a hannu. Abin yana cikin ruwa, wanda zai duba shi sai ya jiƙe har wuya. Sannan na gane dalilin da ya sa Sumana ya kalli wandona. Tun ranar ya san ƙarya nake yi, bai tona ni ba.

Alhaji da kansa ya sayo ta. Tsohuwar fankar ce ta lanƙwashe, ya ga wannan a wurin masu kwance wani babban jirgi, ya zaɓe ta yadda ya saba zaɓen bijimi a kasuwar Moriki, wanda ya fi girma shi ya fi. Sumana ya ce masa ta yi yawa, ya ɗauka so yake a ba shi sayen wata ya ci riba. Ni ma a gaban Alhaji aka faɗa mini kalmar, ya ga na gyaɗa kai, ya ɗauka na auna na ga ba komai.

Bayan la'asar na sami Alhaji a ƙofar shago na gaya masa komai, har da gas ɗin da na shinshina.

Na ce, "Alhaji, mu tafi kwata mu wanke mutumin nan."

Ya ce, "Mu ce mi? In ce ni na kashe jirgina da hannuna, kuma wanda na ɗauko tun daga Kaura bai san gaban jirgi da bayansa ba? Masu shinkafa suna bakin ƙofata. Yanzu suna cewa tsautsayi ne da sharrin ɓarawo. In sunka ji wanga, a garin ga ba ni kwana. Mu baƙi ne, Baba. Ka rufa mini asiri yadda na rufa maka."

Na ce ba zan iya ba. Na tambayi gidan Sumana aka nuna mini. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinkin wata tsohuwar koma ta maƙwabcinsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa. Na faɗa masa ban san kalmar ba, na faɗa masa tsoron ruwa nake yi, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tsoron ruwa ba abin kunya ba ne, Malam. Ni ma da za a kai ni dajinku ba ni iya kwana. Da ka faɗi, da na shiga na kwanto maka shi na aza a gabanka."

Na ce, "Na yi kuskure."

Ya ce, "Jiya na tafi wurin mutum uku masu jirgi. Ɗaya tare munka yi kaciya da shi. Ya ce in yi haƙuri sai ƙura ta lafa." Ya ja zaren ya ƙulla. "Ka zo ka gaya mini ban yi sata ba. Ni ai na sani. Inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wagga. Gobe da safe kowa na kwata."

Na ce masa in Allah ya kai mu zan zo, na rantse. Ya raka ni har bakin hanya.

Da asuba na yi salla, na ɗauki jakata da niyyar in biya kwata. Na zo mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta gangara bakin ruwa, ɗaya ta nufi tasha. Daga nan ina hango rumfar mai shayi ta cika. Na tuna mai ƙaton ciki, na tuna masu shinkafa da 'ya'yan tsohuwar da ta karye, na tuna Alhaji da 'ya'yansa bakwai a ɗakin aro. Na ce wa kaina don Alhaji zan yi shiru. Ƙarya ne, don kaina ne. Wani ɗan kamasho yana kiran Kamba saura mutum ɗaya, na shiga.

A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ce likita an warkar da jirgin? Na ce an gode Allah. Har Kaura ban ci komai ba.

Na yi wata huɗu ina cewa zan koma. Da abin ya ishe ni na sami wani direba mai zuwa Kamba, na ba shi saƙo da baki da kuma a rubuce, na ce ya haye ya karanta a rumfar shayin kwata. Ya dawo ya ce ya karanta, mutum biyar ne a wurin, ɗaya ya ce ai sun daɗe da sani. Sumana kuwa, a ranar da na yi masa alkawari, ya jira ni a kwata har rana ta take. Bayan nan ba wanda ya ba shi jirgi, don masu jirgi sun ce ko ba gaskiya ba ne an dai faɗa. Ya yi dako na ɗan lokaci, sannan ya kwashe iyalinsa ya bi kogi ya yi kudu. Ba wanda ya san garin da ya sauka. Alhaji Hamidu yana sayar da albasa a faranti a bakin gadar Gaya, ba ya ɗaukar wayata.

To kun ji yadda Gaya take, ku da kuke tambaya. Roƙona gare ku, musamman masu riƙe sifana, in an faɗi abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, a yi muku dariyar ta yini guda. In kun rasa gane ciwon inji, kada ku rataya shi a wuyan wanda ya fi kusa. In kuma kun riga kun ɓata wani a gaban mutane, ku koma gaban mutanen nan tun yana tsaye yana jiranku. Wanda duk harkarsa ta kai shi bakin Kwara, ya ji labarin wani matuƙi Sumana mutumin Gaya, don Allah ya faɗa da ƙarfi a inda jama'a suke cewa gas ɗinsa mai kyau ne, Bawa na Kaura ne ya yi masa ƙarya.